Bakin da Ba Ya Cin Abinci

Hantsi ya ɗaga, an gama baza shinkafa a tsakar gida, lokacin da Yusnidar ta shigo ɗaki da kwanon ruwan ɗumi, da farin ƙyalle, da wani ɗan ƙaramin buroshi kore irin na yara. Ta tura wa mijinta matashi uku a baya har ya kusa zama, ta karkatar masa da kai gefe, ta shimfiɗa tawul a ƙarƙashin haɓarsa.

"Uda, lokaci ya yi. Buɗe min," in ji ta, don Uda mace ke kiran mijinta a nan.

Erizal bai buɗe ba. Idonsa dai yana kanta. Wata bakwai ke nan da babur ɗinsa ya zame a wata kwana ta hanyar Bukittinggi, yana ɗauke da kiret-kiret na ƙwai zai kai kasuwa, kansa ya bugi dutse. Ya farfaɗo, amma ɓarin jikinsa na dama bai farfaɗo ba. Magana ta tafi, haɗiya ma ta tafi. Abincinsa ruwa-ruwa ne, ana ɗura masa da sirinji ta wata siririyar roba da aka zura ta hancinsa har ciki.

Ta sa babban yatsa tana murza masa muƙamuƙi a hankali, har haƙoran suka saki. Ta fara gogewa, haƙori ɗaya bayan ɗaya, tana tsane ruwan da ƙyalle kafin ya gangara maƙogwaro.

"Ka dai san saboda wannan wushiryar na aure ka, ba don ƙwanka ba," in ji ta. "Ka bari ta lalace, in tattara kayana in koma gidanmu." Ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin. "Au, ashe a gidanmu nake. To kai za a kora."

Yatsun hannunsa na hagu suka matse gefen zanenta. Dariyarsa ke nan yanzu, kuma ita kaɗai ta san haka.

Mu nan Payakumbuh gida na mata ne. Namiji in ya yi aure gidan matarsa yake komawa, a girmama shi, a ba shi ɗaki mai kyau, amma har ya tsufa baƙo ne. Asalinsa yana can wajen uwarsa da 'yan'uwansa mata. Shi ya sa da Yusnidar ta ji tsayuwar mota, ta leƙa ta ga surukarta Rosmaini da yayar mijinta Desma, sannan ga Kawu Bahar, ƙanin Rosmaini, a bayansu ya kafa hularsa ta taro, ta san akwai magana. Kawu Bahar ba ya sa wannan hular don duba mara lafiya.

Rosmaini ta shigo rungume da fulas. Idonta bai sauka a kan komai ba sai tawul ɗin, inda wani ɗan ja-ja ya ɗiga.

"Jini ne wannan?"

"Dasashi ne, Amak. Ya ragu sosai, da can ya fi haka," in ji Yusnidar. Amak muke ce wa uwa a nan.

"Da can ya fi haka," Rosmaini ta maimaita, ta juya wajen 'yarta. "Kin ji ko, Desma? Dubi idonsa, hawaye ne fa. Yus, ki faɗa min don Allah, mutumin da rabonsa da loma wata bakwai, me kike goge masa? Naman rendan ne ya maƙale masa a haƙori?"

"Nas ce ta ce a riƙa yi sau uku a rana, Amak."

Abin da ta iya faɗa ke nan. Alhali nas ɗin ta zaunar da ita ranar sallama ta yi mata bayani dalla-dalla: bakin da ba ya tauna komai ya fi mai ci ƙazanta, don babu abin da ke wanke shi, miyau na daskarewa, ƙwayoyin cuta su taru, shi kuma da ba ya iya haɗiya, miyan nan yana silalewa huhu ba tare da ya yi ko tari ba. Yusnidar ta haddace duk wannan. Amma wace suruka ce za ta tsaya gaban uwar miji tana karanta mata darasi? Ta sunkuyar da kai.

Rosmaini ta buɗe fulas, ƙamshin shayin ƙwai ya cika ɗakin, irin wanda ake kaɗa gwaiduwa da sukari har ya yi kumfa. Da shi Erizal ke buɗe kowace safiya tun yana saurayi. Ta ɗebo a cokali.

Yusnidar ta riƙe mata wuyan hannu.

Ba ta taɓa yin haka ba, ba ta kuma san lokacin da ta yi ba.

"Ki yi haƙuri, Amak. Ba ya shan komai ta baki. Ko ɗigo."

Rosmaini ta ajiye cokalin a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da abin ya fi sauƙi. "Bahar, shigo ka faɗi abin da ya kawo mu."

Aka zauna a zaure a kan tabarma, da Nurbaiti, mahaifiyar Yusnidar. Kawu Bahar ya yi doguwar shimfiɗa kamar yadda aka saba, ya yabi gidan, ya yabi ɗawainiyar da aka yi. Sannan ya ce al'ada ta san da haka: namiji in ciwo ya yi tsanani, danginsa kan zo su ɗauke shi, ya yi jinya a gidan da aka haife shi. Sun zo karɓar ɗansu.

Babu mai cewa a'a ga wannan roƙo. Nurbaiti ta ba da amsar da ake bayarwa, Yusnidar na zaune a bayanta hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

Kafin a fitar da shi ta ja Desma gefe ta koya mata komai: yadda ake tace abincin, yadda ake ɗaga shi kafin a ɗura, yadda ake barinsa a kishingiɗe bayan an gama. Desma mace ce mai kai, nan take ta ɗauke. A ƙarshe Yusnidar ta miƙa mata wata 'yar jakar leda, buroshi da ƙyallaye a ciki.

"Wannan shi ne babba, Uni. Safe, rana, da yamma," in ji ta. Uni muke ce wa yaya mace.

"To," in ji Desma, irin "to" ɗin da ake yi wa mai makoki.

Da aka ɗauki Erizal za a sa a mota, hannunsa na hagu ya kama zanenta, sai da Kawu Bahar ya ɓamɓare yatsun ɗaya-ɗaya.

Da yamma Nurbaiti ta same ta tana ninke zanen gadon. "Yus, zauna. Kin yi abin da ba kowace mace za ta yi ba, kowa ya shaida. Yanzu masu shi sun karɓa. Shekarunki ashirin da shida. Ba na cewa yau, ba na cewa gobe, amma ki fara tunanin kanki."

"Amak, da ni ce a kwance, kina ganin da zai fara tunanin kansa?"

"Maza ai..."

"Ba maza nake tambaya ba. Uda Zal nake tambaya."

Nurbaiti ta tuna wanda ya yi wata guda yana kai ta asibiti a kan babur lokacin ciwon ƙafarta.

Kullum da hantsi Yusnidar kan shiga motar haya zuwa ƙauyen su Erizal, tafiyar kusan awa guda ta cikin gonakin shinkafa. Kada wanda ya ɗauka wulaƙanta shi ake yi a can. An ba shi ɗakin da ya fi iska. Uwarsa na yi masa wanka da hannunta, ta shafa masa mai, ta fesa turare, ta zauna a kansa tana karatu. Leɓɓansa kullum suna sheƙi da man kwakwa. Duk wanda ya shigo sai ya ce, ai gara da aka dawo da shi, dubi yadda ya yi fes.

Ita kuwa Yusnidar, matarsa, a zaure ake sauke ta, a kawo mata shayi da ayaba soyayya kamar wadda ta zo daga wani gari. In ta shiga ɗakin, da rakiya. A kwana na huɗu ta hango jakar ledar rataye a ƙusa bayan ƙofa, ƙullin da ta yi mata da hannunta yana nan yadda yake. A kwana na bakwai ta sunkuya za ta gyara masa matashi, warin bakinsa ya bugi fuskarta, turaren bai iya rufe shi ba. A kan tagar kuma ga wani ɗan cokali da alamar kumfa a jikinsa.

"Amak, bari in ɗan goge masa baki kafin in tafi."

"A gidan nan ba a sa shi kuka," in ji Rosmaini.

Ta koma gida tana kuka a cikin mota, har wata tsohuwa mai kwandon barkono ta tambaye ta wa ya rasu. Tsoro ne ya cika ta, tsoro na gaske, don ta san abin da ke taruwa a bayan leɓɓan nan masu sheƙi, ta kuma san inda zai gangara.

Rana ta goma, da aka kira Rosmaini waje, ta naɗe gefen mayafinta a yatsa, ta tsoma a ruwan sha, ta zura a bakinsa. Ba ta kai ga rabin aikin ba Erizal ya yi kakari, surukarta ta shigo.

"A ɓoye kuma, Yus? A ɗakina?"

Daga ranar aka ce ta riƙa zuwa Juma'a kawai, wai don ta huta.

Ba a kai Juma'a ta biyu ba. Ranar Laraba da safe tana tankaɗe wayarta ta yi ƙara, Desma ce.

"Yus, ki same mu a asibiti. Jikinsa kamar wuta, ƙirjinsa yana ƙara... numfashin ba daidai yake ba."

Ta same shi an rufe masa fuska da abin shaƙar iska, haƙarƙarinsa na ɗagawa da sauri-sauri, leɓɓan sun yi duhu. Likitar, Dokta Meiliza, ta gama sauraren ƙirjinsa ta duba hoton da aka ɗauka.

"Ciwon huhu ne, nimoniya. Ɓangaren dama ya kamu sosai. Za mu yi iya ƙoƙarinmu, amma ba zan ɓoye muku ba, kwana ukun nan masu wuya ne."

Ta ɗaga abin shaƙar, ta haska bakinsa da 'yar tocila. Fuskarta ta canza. Ta sa a miƙo mata wani ɗan ƙarfe da auduga, ta ciro wani abu daga ganɗarsa, busasshe, rawaya-rawaya, kamar ƙanzon tukunya. Ta ciro na biyu. Desma ta toshe hanci ta juya baya.

"Wa ke wanke masa baki?"

Kawu Bahar ya saci kallon Yusnidar, ya sunkuyar da kai. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta a gaban kowa, kuma wallahi ta zo mata har kan harshe, da duk zafin kwana goma sha tara a bayanta. Sai ta dubi Rosmaini. Tsohuwar ta riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu kamar shi ke tsaye da ita.

"Mu ne muka yi sakaci, likita," in ji Yusnidar. "Ni aka koya wa. Na ce a yi, amma ban taɓa faɗa musu dalili ba."

Ba ƙarya ta yi don rufa asiri ba. Sai da ta furta ta ji nauyin gaskiyar abin.

Dokta Meiliza ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta gane abin da ta gane, ta sassauta murya. Ta yi musu bayanin da nas ta taɓa yi wa Yusnidar, cewa wannan dattin shi ke bin miyau ya sauka huhu, kuma mai roba a hanci ya fi kowa buƙatar a tsabtace masa baki.

Rosmaini ta yi magana da ƙyar. "Shayi fa, likita? Cokali ɗaya ne. Don ya ji ɗanɗano."

"Hanyar haɗiyarsa ba ta rufewa yadda ya kamata, Baba. Abin da kika zuba a bakinsa, wani yakan bi hanyar numfashi. Kuma shi ba ya iya tari ya nuna miki."

Rosmaini ta saki gadon ta fita.

Yusnidar ba ta bi ta nan da nan ba. Sai da ta tsaya tare da nas suka jiƙa bakin, suka tsabtace shi kaɗan-kaɗan, suka tsotse ruwan da na'ura. Bayan la'asar ta sami surukarta a kan benci a bakin baranda, takalminta ɗaya ya fita ba ta ma sani ba. Ta durƙusa ta mayar mata da shi, ta zauna a gefenta.

"Me ya sa ba ki faɗa mata ni ce ba?"

"Me zai ƙara masa, Amak?"

Tsohuwar ta dubi ƙasa ta ce, "Yana shekara huɗu ya yi wani zazzaɓi, ya ƙi cin komai. Ubansa ya gwada, kakarsa ta gwada. Daga hannuna kawai yake karɓa. Kwana goma sha biyu ina ba shi da yatsa, har ya tashi. Na ɗauka..." Ta juyo ta dube ta. "Yus, uwa in ba ta sa wa ɗanta abu a baki ba, me ya rage za ta yi masa? Na zo in taimake shi, na kusa kashe shi da hannuna."

Yusnidar ta ji duk fushin da ta taho da shi ya zube, tausayi ya maye gurbinsa. Duk kwanakin nan tana ganin matar nan a matsayin mai hana ta aiki, ba ta taɓa tunanin ita ma an raba ta da aikin da ta iya ba.

"Ni ma da laifina, Amak. Ranar da na riƙe hannunki, da na zauna na faɗa miki abin da na sani, ko za ki zage ni, da ba mu zo nan ba. Na ji kunyarki fiye da yadda na ji tsoron ciwon." Ta buɗe jakarta ta fito da sabon buroshi, kore irin na farko, wanda ta saya tun ranar da aka hana ta zuwa. "Bakinsa har yanzu yana buƙatar hannu. Sau uku a rana, ni kaɗai na gaji. Ki zo in nuna miki."

Zazzaɓin bai sauka ba sai a rana ta huɗu. A rana ta shida aka cire abin shaƙar iskan. A ranar ce Rosmaini ta fara riƙe buroshin da kanta, Yusnidar na tsaye a bayanta.

"Ɗaga shi tukuna, Amak. Karkata kan. Yauwa. Ki girgije ruwan, kar ya yi yawa."

Erizal ya datse haƙora. Uwar ta dubi surukarta.

"Murza nan, ƙasan kunne. Ki yi masa magana."

Rosmaini ta sunkuya. "Zal. Buɗe wa Amak, ɗan taurin kai. Tun kana ƙarami haka kake."

Haƙoran suka saki. Ta goge na sama, ta goge na ƙasa, ta tsane. Da ta zo kan wushiryar sai ta tsaya, hawaye ya hana ta gani, Yusnidar ta karɓa ta ƙarasa.

Ranar sallama Kawu Bahar ya zo da mota, ya ce an gyara ɗakin can ƙauye. Rosmaini ta ce, "Koma ka ɗauko hularka."

"Hula kuma, Uni?"

"Da hula a kanka muka je muka ɗauko shi daga hannun matarsa. Da hula a kanka za mu mayar da shi, ka kuma yi bayani a gaban Nurbaiti kamar yadda ka yi wancan karon."

"Mutane za su ce mun kasa jinyar ɗanmu."

"Su ce. Ni na ga abin da aka ciro daga bakinsa, su ba su gani ba."

Haka aka yi. Tsofaffin unguwar sun ce ba su taɓa ganin an ɗauki mara lafiya da al'ada an kuma mayar da shi da rai ba. Da aka kwantar da Erizal a gadonsa, hannun hagun nan ya lalubo zanen Yusnidar ya damƙe, wannan karon babu wanda ya ɓamɓare.

Erizal bai tashi ya yi tafiya ba, kuma ba zan ce muku ya yi ba. Robar tana nan a hancinsa. Amma shekara ta zagayo huhunsa bai sake kamuwa ba, kuma yanzu in matarsa ta tsokane shi gefen bakinsa na hagu yakan ɗaga har wushiryar ta leƙo. Rosmaini ce ke shiga motar haya yanzu, kullum da hantsi. Gogewar rana tata ce, ba ta yarda ko Desma ta taɓa.

Darasin a fili yake. Ƙauna in ba ta san abin da mara lafiya ke buƙata ba, tana iya cutar da shi tana kuka a kansa. Haƙuri kuwa ba shi ne yin shiru a kan abin da ka san zai yi illa ba. Haƙuri shi ne ka faɗa da ladabi, ka sake faɗa, sannan ranar da gaskiyarka ta fito kada ka mai da ita sanda.

Fulas ɗin ma Rosmaini ba ta daina zuwa da shi ba. In ta gama goge bakin, sai ta zuba shayin ƙwan a kofi, ta kai kusa da hancin ɗanta ya shaƙi ƙamshin har ya lumshe ido. Sannan ta juya ta miƙa wa Yusnidar.

Ranar farko Yusnidar ta ja baya. "Amak, wannan ai shayin maza ne."

"Na masu ɗaukar gida ne," in ji Rosmaini. "Sha tun da zafinsa, 'yata."